Injin Kailani Ya Tafi Aro

Jannatu na tsince shinkafa a tsakar gidansu na Tudun Wada, amma hankalinta na can wani gidan da ba a gina ba tukuna. Ga ta ga saurayinta Kailani a inuwa, ɗan injin da ya ƙera yana zaga koren fili shi kaɗai da wutar sola, yana tumɓuke muguwar ciyawa ba tare da feshin magani ba.

Muryar Baba ce ta dawo da ita.

"Yaron nan yana da kirki, amma ba zan sa rana a kan abin wasa ba. Ya nuna min masu son injin, ko ya haƙura."

Da yamma Kailani ya zo zance, bakinsa har kunne.

"Na zaga har Gyallesu, Jannatu. Duk wanda na nuna wa sai ya ce Allah ya sa albarka."

"Wa ya ce kawo?"

Allah sarki Kailani, ya manta mutanenmu ba sa ce maka a'a ido da ido, addu'a suke yi maka su sallame ka. Hawaye suka zubo mata, don tana son sa ba kaɗan ba.

"Daina tambaya," in ji ta. "Ka riƙa ba da shi aro. Kwastoman gaske, ranar karɓowa za mu gane shi."

Haka damina ta yi nisa. Wani ya dawo da shi ko kunnawa bai yi ba, wani 'ya'yansa suka mayar da shi mota. Baba ya daina sakar wa Kailani fuska, Jannatu dai ta yi ta haƙuri.

Sai aka kai wa Madam Euphemia, mai makarantar yara a Hanwa, wadda ta bar feshin maganin ciyawa tun da ƙaiƙayi ya kama ɗalibanta. Ranar karɓowa ta hana. Baba na jin labari ya zari hularsa.

"Aro ya zama ƙwace? Ni zan karɓo masa!"

Bayan la'asar ya dawo hannu rabbana, ya zauna kan tabarma.

"Matar nan ta tare get, wai in faɗi kuɗinsa, inji ba ya fita. Maƙwabtanta ma kowa nasa yake nema." Ya dubi Jannatu. "Ki ce ya turo magabatansa."

Ta rufe fuska da mayafi tana kukan daɗi. Yabon baki ba ya nuna mai son abu, sai ranar rabuwa da shi ake ganewa. Haƙurin Jannatu kuwa bai faɗi ƙasa banza ba.