Ranar Haihuwar Aro

Maiken ta fi minti goma tana kallon layi ɗaya a takardar wani asibiti a garin Mokpo na ƙasar da aka haife ta, biro a hannu, ta kasa rubuta komai.

"Cewa suka yi, akwai mai ciwon zuciya a danginki?" in ji saurayin da ke gefenta.

"Tambayar kam na gane ta," ta ce. "Dangin ne ban sani ba."

Ta ɗago suka haɗa ido, bawan Allah ya manta abin da zai ce. Gi-tae ke nan, malamin makaranta da ke yin tafinta kyauta ga waɗanda aka kai riƙo ƙasashen waje suka dawo neman iyaye. Ita kuwa tana wata biyar aka kai ta Denmark. Yanzu da ta kai ashirin da tara zuciyarta kan yi mata wani irin bugu, likita ya ce ta binciko ko gado ne. Layin da ke tambayar wanda za a kira in wani abu ya same ta ma haka ta bar shi fari.

Wata biyu suna yawon ofisoshi tare, har tafinta ya fara fassara abin da ba a sa shi ba.

"Baƙuwata, kin ci abinci? Kar ki ce mini burodi, burodi ba abinci ba ne."

"Na ci, Malam Tafinta. Yaya ake cewa 'na yi kewarka' da yarenku?"

"Yarenmu dai. Zo na faɗa miki baki da baki."

Da ya kai wa mahaifiyarsa maganar aure kuwa, ta ce ko kusa. "Kai Gi-tae, jinin da ba a san tushensa ba za ka kawo mini? Ga Mi-ran 'yar mai kemis, har kakan kakanta na sani! To kawo ranar haihuwar baƙuwar taka da sa'ar, mai duba ya gwada da taka."

"Mama, ranar tana cikin fayil ɗin riƙonta."

"Sa'ar fa?"

Sa'ar kam babu ita a ciki.

Fayil ɗin ya ce sunanta Bok-sun, an haife ta ran tara ga Afrilu, kuma shi ya kai su wurin wadda ya ce ita ce mahaifiyarta, Madam Bang, mai sayar da busasshen kifi a bakin tashar jirgin ruwa. Tsohuwar ta riƙe fuskar Maiken da hannu biyu tana kuka. Ta ce duk shekara ran tara ga Afrilu sai ta dafa miyar ciyawar teku da suke dafawa ranar haihuwa, ta zuba a kwano biyu. Ta kuma ce ciwon zuciya ne ya kashe mijinta yana ɗan talatin da huɗu, haka ƙanwarsa.

Maiken ta rasa murna za ta yi ko tsoro. Rana ɗaya ta samu uwa da ciwo.

Aka ɗauki yawunsu don gwajin jini. Daga nan Gi-tae ya ɗauke ƙafa kwana uku, a na huɗu ta hango shi a gidan shayi da Mi-ran, sun haɗa kai a kan wata takarda. Ta rubuta masa saƙo a waya:

"Na gan ku. Ba laifi, ba wanda zai so matar da za ta mutu ta bar shi. Da dai ka faɗa mini da bakinka."

Ko minti ashirin ba a yi ba ya iso yana haki.

"Sakamakon gwajin ne ya zo hannuna, na kai wa Mi-ran ta karanta mini, don na ɗauka ni ne ban iya ba. Maiken, Madam Bang ba mahaifiyarki ba ce."

Ashe a kwanakin nan ya je gidan marayun da aka ɗauke ta, wata tsohuwar ma'aikaciya ta gaya masa gaskiya. Bok-sun ta asali ta rasu saura mako guda tafiya Denmark. Takardu sun kammala, masu riƙo na jira, sai aka ɗauki wata jaririyar aka tura da sunan.

"To ciwon fa?"

"Ba a nan kika gado shi ba, in ma gado ne."

"To ni wace ce?"

"Ban sani ba, baƙuwata."

"Shekaruna nawa?"

Nan ma bai sani ba. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta zo neman amsa ɗaya, an karɓe har wadda take da ita.

Ita da kanta ta je ta gaya wa Madam Bang komai, har da maganar mahaifiyar Gi-tae da mai duba, Gi-tae na fassarawa. Tsohuwar ta daɗe tana kallon kifinta. Can ta kwance gyalen aikinta ta ce, "Kai yaro, kai ni wurin uwarka."

A falo ta zauna ba ta taɓa shayin ba.

"Maman Gi-tae, shekara ashirin da tara ina dafa miya don yarinyar da ke raye da sunan 'yata. Ashe wannan ce. Ranar tawa ce, ni na yi naƙudarta, na kuma ba ta. In sa'a kike so, da hantsi ne."

"Amma ai ba nata..."

"Na sani. Ke ma kin sani. Sai me?"

Maman Gi-tae ta dubi Maiken, wadda ba ta fahimci ko kalma ba, tana ta raba ido tsakaninsu. Ta ninke takardar mai duba ta tura ƙarƙashin faranti.

"Yarinyar nan ta rame," ta ce. "Kai, ba ka ciyar da ita ne?"

Ran tara ga Afrilu aka yi bikin. A kujerun iyayen amarya akwai iyayen riƙonta biyu daga Denmark, ga Madam Bang a tsakiyarsu tana ta tura musu abinci. Da ango da amarya suka durƙusa, maman Gi-tae ta watsa magarya a siket ɗin Maiken, kamar yadda al'adarsu take don fatan haihuwa.

"Ku haifa da yawa," ta ce tana share ido. "Ni zan rubuta ranar kowanne, har da sa'ar."

Bayan wata guda Maiken ta koma asibitin, suka ba ta irin takardar nan. A layin ciwon dangi ta rubuta, "Ban sani ba." A layin wanda za a kira kuwa ta rubuta Gi-tae, ta rubuta mahaifiyarsa, ta fara rubuta Madam Bang wuri ya ƙare, sai ta juya bayan takardar.

Allah Ya bar su tare, Ya ba zuciyar nan tsawon kwana.