Tsoho Mai Itace da Bashin Tuwo

A wani gari can, an yi wani tsoho mai sayar da itace. Ya ci tuwon wata mata bashi, ya kasa biya. Kunya ta hana shi bi ta ƙofarta. Da safe ya zagaya ta cikin ƙaya, da yamma ya zagaya ta cikin ƙaya.

Ran nan sai ya tarar da ita tsaye a hanyar. Ya tsaya cak, da itace a kansa.

Ta dubi ƙafafunsa duk jini, ta ce, "Baba, ai kullum sai na sayi itace. Kai mini wannan itacen gida, bashi ya wuce."

Tsoho ya bi ta a baya, idonsa cike da ƙwalla, yana ta sa mata albarka har ƙofar gida.