Maganin Bayan Gafaru

Wallahi da idona na gani! Ni da ko akuya ta yi atishawa a unguwarmu Nima sai na sani!

Shekara biyar Samiratu na auren Gafaru, direban motar haya ta trotro, ko ɓatan wata. Uwarsa, Mma Zelia, ta ce laifin yarinyar ne. Ba jiƙon da ba ta ɗura mata ba, mai ɗaci, mai wari, tana sha tana hawaye. Shi ko gogan sai ya shafa kanta, "Haƙuri, switi, ina tare da ke."

Kullum da safe yana haɗiyar wasu ƙwayoyi, wai na ciwon baya. Ran nan suka ƙare, ya bar kwalbar kan tebur. Baiwar Allah Samiratu, don ta faranta masa, ta ɗauka sai kemis ɗin Najat a Maamobi.

"Ei, sista, bitamin ɗin maigida!" in ji Najat. "Ya koma lab ɗin kuwa? Shekara biyu fa da aka auna maniyyinsa aka ce ba ƙarfi."

"Shekara... biyu?"

"Innalillahi! Ba ki sani ba?"

Ta dawo gida, ta tarar Mma Zelia ta jawo mata akwatinta tsakar gida, Gafaru na tsaye kamar turke.

"Gobe ki koma Tamale gidan ubanki! Ɗana ya gaji!"

Samiratu ta danƙa wa mijin kwalbar. "Ga maganin bayanka. Ka faɗa mata, ko in tafi da bakina a rufe."

Gafaru ya juya ga uwarsa. "Mma... ba ita ba ce. Ni ne. Likita ya faɗa min tuntuni."

Tsohuwa ta faɗi sumammiya, sai da aka sheƙa mata bokiti uku!

"Ba rashin ɗa ya ƙona ni ba, Gafaru," in ji Samiratu. "Kana tsaye kana kallo ina shan ɗacin nan!"

Wata huɗu bai ga haƙorinta ba. Sannan ta yafe, suka riƙa zuwa asibiti tare. Bara muka ci naman suna, jaririya Basma. Samari, ku je a auna ku, kada ku bar mace ta sha ɗacin ciwonku!

To, suman nan ni na ƙara. Zama kawai tsohuwar ta yi kan akwatin, ta kasa kallon surukarta.