Inbatar da Ba Ta Kuka

Sana'ar Mai Gyara ita ce mayar da tsofaffin UPS, wato ma'ajiyar wutar kwamfuta, su zama inbata mai araha, mai ba gida lantarki idan an ɗauke wuta. Kafin komai, yakan sa filaya ya fizge ƙararrawar da ke kuka idan batir ya kusa ƙarewa. "Wa ke son mai tsegumi a ɗaka?" yakan ce. "Ku yi barcinku lafiya."

Ran nan da daddare an ɗauke wuta, yana shirin rufe shago, sai ga wata tsohuwa rungume da inbata, aikin hannunsa. Robar shaƙar iska tana lilo a hancinta, ba a jone da komai ba.

"Iya, na tashi, sai da safe."

"Ɗan nan, jiya batir ya ƙare, injin numfashina ya tsaya. 'Ya'yana kuwa sun yi barcinsu lafiya."

Sai ya lura ƙirjinta ba ya motsi. Ya zabura, ta shaƙo wuyansa da hannu mai sanyin ƙanƙara, ta maka fuskarsa a tebur, haƙora suka zube cikin kusoshi. Ta lalubo filayarsa, ta damƙo harshensa.

"Yi ihu mana," in ji ta. "Mu ga wa zai farka."