Fararen Ƙwai a Gonar Timothy

Da hantsi aka tsinci gawar Timothy a gonarsa ta masara a Kamazou, gefen kansa ya lotsa kamar an danna da babban yatsa. Kafin Sufeto Shekari ya iso, unguwa ta gama shari'a: ƙanin mamacin, Jethro, shi ya buge shi da fartanya, tunda sun yi cacar baki kan iyakar gona. Matasa har sun fara neman taya da fetur, dole aka kulle Jethro a caji ofis don ya tsira da ransa.

Sufeto ya duba raunin. Fartanya ba ta yin rami zagayayye haka. Kusa da gawar ga sawun takalmi mai ƙusoshi, ya zo ya koma.

Charity, matar mamacin, ta ce tun bara suke tsintar wasu fararen ƙwai masu tauri a gonar, ba na kaza ba, ba na zabuwa ba. Ba a taɓa ganin mai ajiye su ba. Da sassafe sai ka ji wani abu ya keta iska, masara ta girgiza, shi ke nan. Asiri suka ɗauka, suna kwashewa da ganye su kai coci a yi addu'a a binne.

Aka tono ɗaya. Sufeto ya kankare ƙasar. Ƙwallon golf ne, wasan nan da ake bugawa da sanda.

Bayan gonar akwai doguwar katanga, gidan Oga Benson, wani manaja mai ritaya. Da Sufeto ya tambaye shi, ya rantse ya bar golf tun da ciwon gwiwa ya kama shi. Amma ciyawar tsakar gidan duk ta ƙwarzane, ga takalmi mai ƙusoshi a bakin famfo, lakar gona ba ta bushe ba.

"Ranka ya daɗe, shekara guda kana cilla ƙwallo ta kan katanga, ba ka taɓa bin ko ɗaya ba," in ji Sufeto. "Me ya sa ka bi na yau?"

 Benson ya ce ƙarar mutum ya ji, ya zagaya.

"Da ransa ka same shi?"

"A zaune, ya dafe kai. Ya ce kada in taɓa abin, asiri ne, zai kashe ni."

"Sai ka yi me?"

"Na ɗauka na sa aljihu, na dawo gida."

Sufeto ya buga waya a saki Jethro. Aka fito da Benson da ankwa, aka bi da shi ta gaban motarsa, wadda da ya ga dama da ta kai Timothy asibiti.