Rasitin Ranar Hutu

Da safiyar wata Litinin cikin Oktoban 1962 aka sanar da Sufeto Ashafa cewa an fasa ofishin wata ƙaramar kotu a ƙasar Ikara. Ya hau kekensa ya tafi.

Malam Gambo, akawun kotun, ya tarye shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ta taga suka shigo. Littafin rasit suka ɗauke."

"Akwatin kuɗi fa?"

"Yana nan."

Ashafa ya zagaya bayan ofis. Gilashin tagar duk a waje ya zube.

A gindin durumi ya tarar da wata dattijuwa mai suna Zulai, daga Saulawa. Bayan sun gaisa ta ce maƙwabcinsu Uwaisu ne ya cinye fadamar raken da mijinta ya bari, kuma ya kayar da ita a shari'a. Aka ba ta kwana talatin ta ɗaukaka ƙara, wa'adin zai cika ƙarshen Satumba.

"Saura mako guda na biya Malam Gambo kuɗin ɗaukaka ƙarar, ɗan nan. Ya ce in dawo daga baya in karɓi rasit. Yanzu wai na makara da kwana ɗaya. Da na yi ta rantsuwa, alƙali ya ce yau a kawo masa littafin rasit ya duba."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙo rasitin. Ba ta iya boko ba. Ashafa ya karanta, ya yi murmushi, ya koma ciki.

"Malam Gambo, yaushe matar nan ta biya?"

"Ranar da ke rubuce, ranka ya daɗe. Ɗaya ga Oktoba."

"A nan ofis?"

"A kan teburin nan."

"Ranar bikin 'yancin kai? Ni da hannuna na rufe kotun nan, makulli ya wuni a aljihuna. Kuma ɓarawon da ya fasa taga daga waje, ciki gilashi ke zubewa."

Gambo ya zauna a hankali.

"Uwaisu ne ya ba ni fam uku in jinkirta mata. Na tsorata alƙali zai ga na rubuta rasit a ranar hutu. Littafin yana gida, cikin rumbu."

Kafin azahar an ɗauko littafin, an sa wa Gambo ankwa, an aika ɗan sanda Saulawa ya taho da Uwaisu.

Alƙali ya karɓi ƙarar Zulai, ya sa ranar Alhamis a saurare ta, ya rubuta mata sabon rasit da hannunsa. Ta miƙa wa Ashafa.

"Karanta mini, ɗan nan."

Ya karanta.

"Sake dai."

Ya sake karantawa yana dariya. Sannan ta ƙulle shi a bakin zane, ta sa masa albarka, ta kama hanyar gida.