Kwamfutar Tanimu da Mai Gyaran Ranar Juma'a

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Ke Uwani, kife wayar nan, haskenta na damuna. Wanda ya san shi matsoraci ne ya tashi tun yanzu, don ba wanda zan raka banɗaki.

Akwai wani malamin firamare a bayan unguwarmu, sunansa Tanimu. Mutum ne mai kunya, irin mutanen da. Da Allah ya ba su 'yar fari shi da matarsa Asabe, aka sa mata Hanne, amma bai taɓa kiran sunan ba. Kun dai san kara. "Yarinyar nan" yake cewa, uwar ma haka. Ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya yi mata wasa. A ɓoye yake ɗaukar bidiyonta da waya, tana rarrafe, tana tatata, tana cin tuwo hannu baka hannu ƙwarya. Sai ya juye a kwamfutarsa ta gida, in ba kowa ya zauna ya kalla.

Wata rana kwamfutar ta ce ta cika. Ya yi ta lalube a cikinta, ya ga wani sashe da ba ya buɗuwa, ya ɗauka wurin banza ne. Ya goge shi, ya ƙara zuba bidiyon yarinyar.

Da damina zazzaɓi ya ɗauke Hanne, ko makaranta ba ta shiga ba. Tanimu bai yi kuka ba. A ce masa, "Ya haƙuri?" ya ce, "Da godiya." Shi ke nan. Ya ci abinci bai san me ya ci ba. Ya je aji ya dawo bai san me ya koyar ba. In ya shiga ɗaki sai ya kunna kwamfuta, ya rage sauti don kada Asabe ta ji, ya zuba ido.

Rannan ya kunna, ta ƙi tashi. Baƙin allo kawai da ɗan rubutu.

Ya kai wa Gambo mai gyara, a layin masu kwamfuta da ke bayan tasha. Gambo ya danna nan ya danna can, ya girgiza kai.

"Malam, ina ɓoyayyen sashen da kamfani ke ajiye asalinta?"

"Na goge."

"Ash. Da yana nan, maɓalli ɗaya zan danna ta gyara kanta. Yanzu sai an yi mata fomatin, komai ya tafi. Ka dawo ranar Asabar, in gwada ciro maka bidiyon tukuna. Ban yi alkawari ba fa."

Tanimu bai iya jiran Asabar ba. Ranar Juma'a, daidai lokacin da liman ya hau mumbari, ya rungumi kwamfutar ya nufi layin. Kowa ya san ba a shiga wurin a wannan lokacin. An ja ƙofofi, an tafi masallaci. Shi kuwa ko ranar da ake ciki bai sani ba.

Layin tsit. Ko janareta ɗaya ba ya kuka. Rana tsaka, ba ko akuya.

Can ƙarshe, wata rumfa a buɗe, wadda bai taɓa lura da ita ba. Wani mutum na zaune a bayan teburi, fara fat rigarsa, babu waya ko sukurdireba a gabansa. Tanimu ya yi sallama. Ba a amsa ba.

"Ajiye ta," in ji mutumin.

Leɓensa ya riga ya rufe kafin muryar ta iso, kamar bidiyon da sauti ya makara. Tanimu ya lura, amma bai ji komai a ransa ba.

Mutumin ya ɗora tafin hannu a kan kwamfutar. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ba a kuma jona ta da wuta ba. Sai ga allo ya kawo haske. Ga Hanne, tana tatata, tana miƙo hannu.

"Abin da ka goge yana wurina," in ji shi. "Duk abin da mutane suka goge wurinmu yake zuwa. Zan mayar maka da shi, ta koma yadda ta fito daga kwali."

"Bidiyon fa?"

"Ba na barin komai. Abin da ya fita daga cikinta, zai fita daga mai ita. Na faɗa maka tun yanzu, kada ka ce an cuce ka."

Tanimu ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafun mutumin a ƙarƙashin teburi. Dugadugai ne ke kallonsa, yatsun suna baya. Da wani ne, da ya zura a guje. Shi ko a'uziyya bai yi ba. Ya dafa ƙirjinsa.

"Har da nauyin nan?"

"Har shi. Faɗi sunanta."

Can nesa ya ji an tayar da salla. Sannan ya buɗe baki, karon farko tun ranar suna.

"Hanne."

Allon ya yi fari.

Gambo ne ya tsince shi bayan an sauko masallaci, tsaye gaban katanga, ba rumfa ba alamarta. Kwamfutar na hannunsa, da ledar kamfani manne a murfinta. Gambo ya kunna, ta tashi garau. Ya duba, ga sashen nan ya dawo wurinsa. Ya miƙa masa ita ya ja da baya.

Tanimu ya koma gida da sauƙin jiki. Ya ce wa Asabe yunwa yake ji, ya cinye tuwo tas, har ya yaba miya. Da ya tashi wanke hannu, ya yi tuntuɓe da wasu ƙananan silifas a bakin ƙofa, waɗanda Asabe ta kasa ɗaukewa.

"Baƙi muka yi ne? Na wane yaro ne wannan?"

Asabe ta dube shi. "Na yarinyar nan ne."

"Wace yarinya?"

Ta ajiye kwanon da ke hannunta a hankali. Ita ma ba ta taɓa faɗa ba, amma ranar ta ajiye kara.

"Hanne. Hannenmu, Malam."

Ya yi ta tunani, tsakani da Allah yana so ya taimaka mata. Sannan ya ce, "'Yar gidan wa ce?"

Yana nan har yanzu, kuna ganinsa a kan babur. Ya yi ƙiba, yana dariya da kowa. Asabe ce ke zama da silifas ɗin ita kaɗai, kuma ni ita nake tausayi.

Saboda haka in abu ya lalace muku ranar Juma'a, ku bar shi ya kwana. Kada wanda ya bi layin nan shi kaɗai liman na kan mumbari. In kuma kuka yi sallama ba a amsa ba, ku juya, kada ku faɗi sunan kowa. Uwani, tashi ki sa sakata.